YADDA A KE ƊURA FIM A AKWATIN ƊAUKAR HOTO

Wata shekara, ran hawan Ƙaramar Salla, muka fita kallo mu huɗu, da akwatin ɗaukar hoto guda ɗaya tak tsakaninmu, irin na dā wanda a ke ɗura wa fim a riƙa ja da hannu. Fim ɗin kuwa karo-karo muka yi muka saye shi, mai cin hoto 36. Tun da hantsi muka kama wuri kusa da ƙofar fada. 'Yan bindiga suka wuce muka ɗauka, 'yan lifidi suka wuce muka ɗauka, hakimai suka zo jahi muka ɗauka, har muna gardama bisa wanda zai riƙe akwati in Sarki ya ƙaraso. Da ƙidaya ta kai 36 muka ga hannun ja bai cije ba, sai muka ƙara ɗaya, muka ƙara biyu, muna murna, muna cewa ai masu fim ne suka yi mana gyara. Da gyara ta yi yawa sai murna ta soma komawa ciki. Muka tashi naɗe fim, juyi biyu kaɗai muka yi sai muka ji sakayau. Bayan kwana uku mai wankin hoto ya miƙo mana shi garau kamar ruwan rijiya, ba doki ba mahayi, sai 'yan lambobin da masu yinsa suka buga a gefe. Ashe tun da muka rufe akwati da safe harshen fim ya suɓuce, duk yinin nan iska muka yi ta ɗauka.

Abin da ya sa muka ba da wannan labari, ko da ya ke da kunya a cikinsa, shi ne don mu nuna inda hatsarin wannan sana'a ya ke. Akwatin zamani da wayar hannu su kan nuna wa mutum hotonsa nan take, in bai yi kyau ba ya sake. Fim ba shi nuna kome sai ran wanki, ran nan kuwa an riga an tashi daga taro, amarya ta tare, baƙi sun koma gida. Sabo da haka minti biyun da a ke yi wajen ɗura fim sun fi dukan sauran aikin nauyi. Maharbin da bai ɗura bindigarsa daidai ba, kome iya saitinsa, ba shi komowa da nama.

MENE NE FIM?

Fim wani dogon falle ne na roba mai haske, an shafe fuskarsa ɗaya da wani irin danƙo wanda a ke samu daga ƙashi da fatar dabbobi. Cikin danƙon nan an barbaɗa ƙwayoyin gishirin azurfa, ƙanana ƙwarai, ido ba shi ganinsu. Halin gishirin nan shi ne, in haske ya taɓa shi sai ya sake, amma sakewar ba ta bayyana sai an tsoma fim a ruwan magani. Inda haske ya taɓa sai ya yi baƙi, inda bai taɓa ba sai magani na biyu ya wanke gishirin, wurin ya zama garau. Don haka ne a ke ganin farar riga baƙa a jikin fim, baƙar hula kuwa fara, sai an buga a takarda kome ya koma yadda ya ke.

Abu biyu ke nan ya kamata mu riƙe. Na fari, fim ba shi bambanta hasken da muka nufa da wanda ya shigo ta ɓarauniyar hanya. Hoto ɗaya a rana tsaka ba shi bukatar haske fiye da na kashi ɗaya cikin 125 na daƙiƙa, ko ƙasa da haka. To, ku duba abin da zai faru in an buɗe bayan akwati daƙiƙa guda cur. Na biyu, fuskokin fim ba ɗaya ba ne. Fuskar da a ka shafa wa magani dishi-dishi ta ke, ita ce ke duban idon akwati. Fuska mai sheƙi ita ke duban marfin baya.

ASALIN ABIN A TAƘAICE

A shekarar 1839 a ka bayyana wa duniya dabarar Bafaranshen nan Daguerre ta kama hoto bisa farantin ƙarfe. Daga baya a ka koma farantin gilashi, mai hoto ya riƙa yawo da kaya niƙi-niƙi, ko wane hoto da farantinsa. A 1888 wani Ba'amurke, George Eastman, ya fito da akwatin da ya kira Kodak, da naɗin hoto 100 a cikinsa. Mai akwatin ba shi ɗurawa, ba shi cirewa. In ya gama sai ya aika da akwatin ɗungum zuwa ma'aikata a birnin Rochester, a wanke, a sake ɗurawa, a maido masa. A 1901 kamfanin ya fito da fim mai lamba 120, wanda a ke naɗewa tare da takarda mai tsare haske, kowa ya iya sa shi da kansa da rana.

Ƙaramin fim mai faɗin milimita 35 kuwa asalinsa na majigi ne. Wani Bajamushe, Oskar Barnack, shi ya ƙera ɗan akwatin da ke cinsa, a ka fara sayar da shi a 1925 da sunan Leica. Da fari masu irin wannan akwati su kan shiga ɗakin duhu su yanki fim su naɗa a gwangwaninsu, sai a 1934 Kodak ya soma sayar da shi a naɗe cikin ɗan gwangwani, mai lamba 135. Gwangwanin nan shi ne har yau a ke saye, bai sake kama ba. Da akwatunan lantarki suka ci kasuwa mutane da yawa sun zaci fim ya mutu, amma har yanzu a na yinsa a Amurka da Ingila da waɗansu ƙasashe, har ma a 2024 an fito da sabon akwati mai ja da hannu, sunansa Pentax 17. Tsofaffin akwatuna kuwa irin su Pentax K1000, da Canon AE-1, da Nikon FM2, suna nan da yawa a hannun mutane, ɗurinsu kuwa kusan duk ɗaya ne. Da su za mu fara.

KAYAN CIKI DA SUNAYENSU

Kafin mutum ya taɓa fim ya kyautu ya buɗe akwati babu kome a ciki, ya san kayansa. A bisa akwati, wajen hagu, akwai wani ƙulli mai ɗan hannu da ke lanƙwashewa, da zanen kibiya a kansa. Wannan shi ne manaɗi, da shi a ke mai da fim cikin gwangwani. A yawancin akwatuna in ka ja shi sama sai marfin baya ya buɗe, waɗansu kuwa suna da ɗan sakata da za a fara turawa. Wajen dama akwai hannun ja, wanda a ke turawa da babban yatsa bayan ko wane hoto, kusa da shi ga maɓallin ɗauka, ga kuma 'yar tagar ƙidaya.

In marfi ya buɗe, a hagu za ka ga ɗakin gwangwani. A tsakiya ga taga mai kusurwa huɗu, faɗinta milimita 36, tsayinta 24, girman hoto ɗaya ke nan. Cikin tagar nan akwai labule na ƙyalle ko na ƙarfe mai laushi kamar fatar albasa, shi ke buɗewa ya rufe in an danna maɓalli. Kada yatsa ya taɓa shi ko kaɗan, gama gyaransa ya kan fi kuɗin akwatin tsada. Gaba da taga ga wani gungume mai haƙora sama da ƙasa, su ke shiga hudojin da ke gefen fim. Ko wane hoto huda takwas ya ke ci. Can ƙarshe a dama ga kwarkwaro mai tsaga, wanda ke karɓar fim yana naɗewa. A jikin marfi kuma ga wani baƙin faranti mai santsi, aikinsa ya danne fim ya kwanta sosai a bakin taga.

ƊURIN KANSA

Da fari ka tabbata ba fim a ciki. Ka ɗaga hannun manaɗi ka juya shi a hankali wajen da kibiya ta nuna. In ya yi ta juyawa sakayau, akwati fanko ne. In ka ji ya yi tauri, akwai fim, kada ka buɗe. Hotuna da yawa sun halaka a hannun mai cewa bari in leƙa in gani.

Sa'an nan ka nemi inuwa, ka zauna, ka ɗora akwati bisa cinya, idonsa na duban ƙasa. In ba inuwa, ka juya wa rana baya ka yi inuwa da jikinka. Gwangwani yana tsare haske, amma bakinsa karammiski ne kawai, rana mai ƙarfi ta kan sami hanya ta ɓata hotunan farko. Ka ja manaɗi sama, ka sa gwangwani a ɗakinsa, kan da ke da ɗan tsini yana duban ƙasa, bakinsa yana duban dama. Ka mai da manaɗi ƙasa. In ya ƙi shiga, ka juya shi kaɗan har 'yan yatsunsa su faɗa gurbinsu. Kome na akwatin nan da lallashi a ke yinsa, ba a tilasta masa.

Yanzu ka kama harshen fim, watau siririn bakin nan da ya leƙo waje, ka ja shi ya ƙetare taga har ya kai kwarkwaro. Ka ja daidai bukata. In ka ja da yawa fim zai yi doro a tsakiya, marfi ya danne shi a karkace. In haka ta faru sai ka juya manaɗi ka mai da rarar ciki. Ka cusa harshe cikin tsagar kwarkwaro sosai. Yawancin kwarkwaro suna da ɗan haƙori a bakin tsaga, ka lura ya shiga huda ɗaya, don shi ne ke riƙe fim. A nan ne mu muka yi sake ran Salla. Mun sa harshe a tsaga, amma bakinsa kaɗai ya shiga, haƙori bai kama ba.

Kada ka rufe marfi tukuna. Ka ɗora yatsa bisa gwangwani don kada ya tashi, ka tura hannun ja a hankali kana kallo. In ya ƙi motsi, ka danna maɓallin ɗauka sa'an nan ka tura. Abu uku za ka nema da idonka: fim ya zagaye kwarkwaro sau ɗaya cif, haƙoran gungume sun shiga hudoji sama da ƙasa duka, fim kuma ya kwanta miƙe tsakanin 'yan dogayen ƙarafan da ke sama da ƙasan taga. Waɗansu akwatuna su kan naɗe fim ta baya, fuskar magani a waje. Wanda bai sani ba ya kan zaci ya yi kuskure, alhali haka a ka ƙera su. Mun san akwai masu rowa, waɗanda ke rufewa da wuri don su ci ribar hoto ɗaya. Ribar hoto ɗaya ba ta kai hasarar 36 ba.

In ukun nan sun cika, ka rufe marfi har ka ji ya ce ƙas. Fim ɗin da ya sha haske sa'ad da marfi ke buɗe ya riga ya mutu, sai a wuce da shi. Ka rufe idon akwati da murfinsa, ka danna ka ja, ka danna ka ja, har ƙidaya ta tashi daga harafin S ta kai 1. Sau biyu ko uku ya kan isa. Ka tuna ka cire murfin ido bayan haka. A akwatin da a ke leƙe ta cikin idonsa za ka ga duhu ka farga, amma a wanda ke da tagar leƙe dabam, kana iya ɗaukar fim guda da murfi a rufe ba ka sani ba.

SHAIDAR DA BA TA ƘARYA

Ga abin da ya fi kome a cikin wannan bayani, wanda da mun san shi da ba mu yi hasarar Sallarmu ba. Tagar ƙidaya ba shaida ba ce. A yawancin akwatuna ba fim ta ke ƙirgawa ba, yawan turin hannu ta ke ƙirgawa. Ko da fim, ko babu, ko ya kama, ko ya suɓuce, za ta ce 1, ta ce 2, ta ce 3, ba ruwanta. Mai shaidar gaskiya shi ne manaɗi, domin shi ne ke haɗe da sandar da ke cikin gwangwani. In fim na fita daga gwangwani, tilas sandar ta juya, in ta juya kuwa tilas manaɗi ya juya.

Yadda a ke yi shi ne, bayan ka rufe marfi, kafin ka yi ja na farko, ka juya manaɗi a hankali wajen kibiya har ka ji ya fara tauri, sa'an nan ka tsaya. Dalili kuwa, fim a cikin gwangwani sako-sako ya ke, in ba a ɗame shi ba, zai yi ta fita hoto biyu ko uku sanda ba ta motsa ba, ka tsorata a banza. In ka ɗame shi, sai ka tura hannun ja, idonka bisa manaɗi. In ya juya baya, saɓanin kibiya, Alhamdu lillahi, fim na tafiya. In ya tsaya cik, fim bai kama ba. Ka buɗe yanzu ka sake ɗurawa, ba abin da ka rasa sai ɗan guntun da ya riga ya mutu. Ya kyautu kuma wannan kallo ya zama maka ɗabi'a, bayan ko wane hoto biyar ko shida ka saci kallon manaɗi, kamar yadda mai tafiya da jakai ya kan waiwaya ya ga ko kaya na nan.

LAMBAR FIM

A jikin ko wane kwali akwai lamba, 100, ko 200, ko 400, da haruffan ISO. Tsofaffin akwatuna ASA su ke rubutawa, lissafin kuwa ɗaya ne. Lambar nan tana faɗin saurin jin hasken fim. Mai 200 rabin hasken da mai 100 ke so ya ishe shi, mai 400 kuwa rubu'i. A ranar ƙasarmu mai 100 ko 200 ya wadatar, mai 400 sai cikin ɗaki ko da almuru. In akwatinka na da ma'aunin haske, ka juya faifan lamba ya dace da ta kwali tun kafin hoto na fari. Faifan ba shi sake halin fim, sanar da ma'auni kawai ya ke yi. Tun 1983 a ke buga waɗansu 'yan ɗakuna baƙi da fari a jikin gwangwani, waɗanda akwatunan lantarki ke karantawa da kansu, amma akwatin hannu bai san da su ba. Ka yage bakin kwalin ka soka a ɗan aljihun da ke bayan marfi, in akwai, don bayan wata guda ba za ka tuna abin da ke ciki ba.

CIREWA

Ɗuri bai cika ba sai an cire lafiya. In ka kai wajen 24 ko 36, gwargwadon fim ɗinka, za ka ji hannun ja ya cije, wani lokaci a tsakiyar hanya. Ka tsaya nan. In ka matsa, ko haƙora su yage hudoji, ko fim ya tsinke daga gwangwani. Ka juya akwati, a gindinsa za ka ga ɗan maɓalli, ka danna shi. Shi ke sakin gungume mai haƙora don fim ya iya komawa baya. A waɗansu akwatuna ɗan sakata ne a gaba, mai harafin R. Sa'an nan ka ɗaga hannun manaɗi ka yi ta juyawa wajen kibiya, ba sauri ba tsayawa. Tsawon fim mai 36 ya ɗara mita ɗaya da rabi, sabo da haka juyin da yawa. Can za ka ji ɗan tauri, sa'an nan wani ɗan ƙara, sa'an nan sakayau. Harshe ya bar kwarkwaro ke nan. Ka ƙara juyi biyu ko uku ya shige ciki duka, don kada wata rana ka ɗauke shi a zaton sabo ne ka sake ɗurawa, hoto ya hau kan hoto.

In tsautsayi ya sa ka buɗe marfi fim na waje, ka rufe maza, kada ka tsaya salati da marfi a buɗe. Hotunan da ke bakin taga da na saman naɗi sun tafi, amma na can ciki sau da yawa su kan tsira, domin fim ya kan yi wa ɗan'uwansa laima. In kuwa fim ya tsinke, manaɗi na juyawa ba abin da ya ke ja, kada ka buɗe da rana ko kusa da fitila. Ka kai akwatin duka wurin mai wanki ya buɗe a ɗakin duhu. In ba hali, ka bari sai dare, ka kashe fitila, ka shiga ƙarƙashin bargo mai kauri, ka zare fim da lalube, ka sa shi cikin baƙin gwangwani mai murfi.

FIM MAI TAKARDA

Manyan akwatuna, irin su Rolleiflex da Yashica masu ido biyu, da tsofaffin akwatunan Brownie da yawa, fim mai lamba 120 su ke ci. Faɗinsa wajen santimita 6 ne, ba shi da gwangwani, ba shi da hudoji. Doguwar takarda ce a ka manna shi a jikinta a ka naɗe su tare bisa kwarkwaro, takardar nan ita kaɗai ce tsakaninsa da haske. Hoto 12 ya ke bayarwa in murabba'i ne, 8 in dogaye ne.

Wannan ba a mai da shi baya. Daga kwarkwaro ya ke tashi ya koma wani kwarkwaro, sabo da haka wanda ya rage fanko a akwati kada a yar da shi, shi za a matsar wajen karɓa. Ka sa sabon naɗi a gurbinsa, ka yage ɗamararsa ka cire ta duka, kada guntunta ya faɗa ciki. Ka ja bakin takarda, baƙar fuska na duban ido, mai rubutu na duban marfi, ka cusa a tsagar kwarkwaron fanko, ka juya sau biyu ka ga tana hawa daidai ba ta cin gefe. Duk wannan lokaci yatsanka na bisa naɗi, gama in ya warware haske zai shiga ta gefe. In akwatin mai ƙidaya da kansa ne, ka naɗa har doguwar kibiyar da ke jikin takarda ta yi daidai da ɗigon da ke cikin akwati, sa'an nan ka rufe ka naɗa har 1. Rolleiflex irin wanda a ke kira Automat, wanda ya fito a 1937, shi kuwa so ya ke a bi da takarda tsakanin waɗansu 'yan sanduna biyu masu jin kaurin fim. In an tsallake su ƙidaya ba ta tashi, sai fim ya wuce duka ba hoto ko ɗaya.

In mai jar taga ne a baya, ka rufe, ka naɗa sannu kana duban taga har lamba 1 ta bayyana. An yi tagar ja ne a zamanin da fim ba shi jin jan haske. Na yanzu yana ji, don haka ka riƙa rufe ta in ba naɗi ka ke yi ba, kada kuma ka bar rana ta dube ta. Bayan hoto na ƙarshe ka yi ta naɗi har takarda ta ƙare, ka buɗe a inuwa, ka riƙe naɗin tamau, ka lanƙwasa bakin takarda ciki, ka manne ɗamarar da ke jikinta.

ƘURA DA ZAFI

Littattafan da ke zuwa da akwatunan nan an rubuta su ne a ƙasashen sanyi, akwai abin da ba su cika damuwa da shi ba wanda mu ya dame mu. Na fari ƙura. Tsaba ɗaya ta rairayi in ta maƙale a karammiskin bakin gwangwani, ko bisa baƙin farantin marfi, za ta ja layi tun daga hoto na fari har na ƙarshe, ba kuwa mai iya goge shi. Sabo da haka da hunturu kada a ɗura fim a fili iska na kaɗawa. A shiga ɗaki, a share cikin akwati da burushi mai laushi, a bar gwangwani cikin robarsa sai lokacin sawa. Kada a jefa shi tsirara cikin aljihu tare da goro da 'yan canji. Har wa yau, in iska ta bushe ƙwarai, naɗi da sauri ya kan ta da ɗan tartsatsi irin wanda mu kan ji a jikin mayafi da dare, ya bar zane kamar reshen itace a bisa hoto. Maganinsa naɗi a hankali.

Na biyu zafi. Fim ya kan lalace in ya daɗe a wuri mai zafi, mai launi ya fi saurin lalacewa. Kada a bar akwati cikin mota a rufe da bazara, ko bisa taga inda rana ke bugu. Wanda ya ajiye fim a firiji ya kyauta, amma in ya fito da shi ya bar shi cikin robarsa sa'a biyu ko uku ya huce, in ba haka ba raɓa za ta kwanta masa. Tsohon akwati kuma a duba soson da ke gefen marfinsa. In ya narke ya zama kamar kwalta, haske zai shiga kome kyaun ɗuri, sai an sake shi.

Shawararmu ta ƙarshe ga wanda zai fara ita ce, ya nemi mataccen fim wurin mai wanki, ya zauna da shi da rana, ya ɗura ya cire, ya ɗura ya cire, marfi a buɗe yana kallon yadda haƙora ke aiki, har sau goma. Sa'an nan ya rufe ido ya yi da lalube. In hannu ya saba, ran taro ba shi rawa. Mu dai da Salla ta kewayo mun koma ƙofar fada da akwatin nan, muka ɗura fim tun a gida bayan sallar asuba, mu huɗu duk muka sunkuya muna duban manaɗi har muka ga ya juya. Hotuna 36 muka samu, guda bakwai a cikinsu sun yi kyau, ɗaya yana nan rataye a ɗakin karatu. Allah ya sa wanda ya karanta wannan ya koya daga hasararmu, ba sai ya yi tasa ba, amin.